LAFIYAR DABBOBI: Kare da kyanwa a lokacin ɗari

Ɗari ya shigo ƙasar Magariya da Dungas. An gama aikin kaka. Hatsi da dawa sun shiga rumbu, gyaɗa da wake da riɗi sun kama hanyar kasuwa. Iskar hunturu tana busowa daga gabas, tana ɗauke da ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, tsakar rana tana nan da zafinta, amma da asuba ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 15, wani lokaci ma ƙasa da haka. A fadamun Korama, wajen Bande da Washa inda ake noman rake, sanyin asuba ya fi na tudu cizo.

Kowane mai gida ya yi shirinsa. An fito da barguna. An kewaye garken awaki da zana. An toshe kafofin akurki. Doki ma, in akwai shi, an yafa masa buhu. Dabbobi biyu ne ba mai tunawa da su: kare, da kyanwa wadda wasu ke kira mussa ko mage.

Alhali kuwa su ne ma'aikatan gida da ba a biya. Kare shi ke kwana a bakin garke yana korar dila da ɓarawo. Shi ke tsaron rumbunan bayan gari da garkar rogo. Shi ke raka yaro kiwo. Kyanwa ita ce dogarin rumbu. Manomin da ya taɓa buɗe rumbunsa da bazara ya tarar ɓera ya mai da dammunansa ƙaiƙayi, shi ya san darajarta. Malamai sun yarda a ajiye kare domin kiwo da farauta da tsaron gona. Sun kuma karantar da labarin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Kula da dabbobin nan ba al'adar Turawa ba ce.

Amma ba don tausayi kaɗai ake wannan magana ba. Lokacin ɗari shi ne lokacin da kare da kyanwa suka fi matsowa jikin mutum. Sanyi yana koro su bakin murhu, cikin zaure, har kan tabarmar yara. Lokacin ne makiyaya ke saukowa daga arewa da garkunansu da karnukansu, su zauna cikin gonaki shanu su ci kara. Lokacin ne samari ke fita farauta, karnukan gari biyar ko goma su haɗu a daji ɗaya su yi ta faɗa a kan zomo. Kuma a lokacin ne karya da yawa ke haihuwa. Duk cutar da ke jikin kare, a watannin nan ta fi samun hanyar shiga gida.

Makwanci da abinci

Karen ƙasar nan gashinsa gajere ne, jikinsa ba kitse. Zafi ya saba da shi. Babban kare mai ƙoshi yana jure sanyin Janairu, in dai iska ba ta dukansa duk dare. Waɗanda sanyi ke kayarwa su ne tsoho, da ramamme, da mai ciwo, da karya mai shayarwa.

Makwancin kare ba ya cin ko dala. A kafa zana ko karan dawa ta gabas inda iska ke fitowa, a shimfiɗa tsohon buhu ko busasshiyar ciyawa. Bayan mako biyu a kwashe shimfiɗar a ƙone ta, a sa sabuwa, domin a cikinta ƙuma ke zuba ƙwai. Kaskar kare kuwa cikin tsagar katanga take ɓuya, sai a liƙe tsagar da laka.

Jiki yana ƙona abinci ne don ya yi ɗumi, shi ya sa yunwa ta fi kama kowa da ɗari. Ƙanzo da ruwan wankin tukunya ba sa isar kare mai aiki. A ƙara masa dusa da aka dama da ruwan zafi, da ɗan nono, da babban ƙashi. Ƙashin kaza dafaffe da ƙayar kifi suna tsagewa su soke maƙogwaro ko hanji. Albasa da tafarnuwa, in sun yi yawa, suna lalata jinin kare da na kyanwa. A kuma ajiye masa kaskon ruwa nasa na kansa. Hunturu yana busar da baki, kuma karen da ba a ba shi ruwa ba shi ne ke zuwa bakin rijiya yana lasar guga.

Akwai karen da ƙazwa ta cinye masa gashi, fata ta yi kauri, yana ta susa. Irin wannan tsirara yake kwana. Wasu sukan shafa masa baƙin mai na mota, ko kananzir, ko maganin feshin wake. Duk ukun guba ne, domin kare yana lashe jikinsa. Malamin dabbobi yana da maganin ƙazwa, kuma yana auna shi da nauyin karen. In za a yi wa kare wanka, sai da tsakar rana.

Ƴan kwikwiyo

Karya tana ɗaukar ciki wajen kwana 63, wato wata biyu da ƴan kwanaki. Ɗan kwikwiyo yana zuwa duniya idonsa a rufe, ba ya buɗewa sai bayan kwana 10 zuwa 14. A mako uku na farko jikinsa ba ya iya ɗumama kansa. Ɗumin uwa da na ƴan'uwansa shi ne bargonsa. In ya mirgina gefe ya kwana shi kaɗai a ƙasa, da safe sai a tarar ya yi sanyi, ba ya iya tsotso. Kada a ɗura masa nono yana cikin wannan hali, kuma kada a kanga shi da wuta. A naɗe shi da tsumma tare da kwalbar ruwan ɗumi, a hankali, sai ya fara motsi a mai da shi gun uwar.

Yara suna da ɗoki. Da sun ji karya ta haihu a bayan rumbu, kowa ya je ya zaɓi nasa, wani ma tun ido bai buɗe ba. Wannan yana kashe ɗan kwikwiyo, kuma yana sa uwar ta ciji yaron. A bar shi da uwarsa har wata biyu. Dakashin da ya sha a ranar farko shi ke tsare shi daga cututtuka kafin ya yi ƙarfi. Mafarauta sukan ce karen bana shi ke maganin zomon bana. To, sai ya tsallake ɗari tukuna.

Kusan kowane ɗan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsa, daga uwar yake samu. Alamarta ita ce ƙaton ciki da ƙananan ƙafafu da gashi a hargitse. Ana fara ba shi maganin tsutsa tun yana mako biyu ko uku, a riƙa maimaitawa yadda malamin dabbobi ya faɗa. Ƙwan tsutsar nan yana fita cikin kashi, ya zauna cikin ƙasar da yara ke wasa. Saboda haka a riƙa kwashe kashin kare daga tsakar gida ana binnewa.

Akwai kuma wani ciwo mai kawo amai da zawon jini mai wari, wanda ke kashe ɗan kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku. Likitoci suna kiransa farbo. A shekarar 1978 ya bayyana, bai daɗe ba ya gama duniya. Ƙwayarsa tana yin watanni cikin ƙasa ba ta mutu ba. Gidan da ya shiga, a wanke kasko da makwanci da ruwan jabel, kuma kada a yi gaggawar kawo wani ɗan kwikwiyon. Yana da allurar rigakafi da ake farawa daga mako 6 zuwa 8, ana samunta wurin likitocin dabbobi a manyan garuruwa.

Haukan kare

Duk abin da aka faɗa a sama ƙarami ne in aka gwada shi da wannan. Ƙazwa tana warkewa. Tsutsa tana da magani. Haukan kare kuwa, da zarar alamarsa ta fito a jikin mutum, babu likitan da ke da maganinsa, a Yamai ko a Kano ko a Faransa.

Ba sanyi ke kawo shi ba, ba yunwa ba, ba iska ba, ba sammu ba. Wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa da ido ba ya gani, tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In dabbar ta yi cizo, ko ta yi yakushi, ko ta lashi wurin da fata ta yanke, ƙwayar ta shiga. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali tana hawa, har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata biyu ko uku. Wani lokaci mako ɗaya ne, wani lokaci har shekara. Cizon fuska da wuya da yatsun hannu ya fi sauri. Shi ya sa yara suka fi shiga haɗari, domin fuskarsu tana daidai da bakin kare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya. Cikin goma, huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kuma cikin ɗari, har 99 daga kare suka samu.

Mahaukacin kare iri biyu ne. Na farko kowa ya san shi. Yana barin gida, yana gudu ba ya waiwaye, yana cizon duk abin da ya tarar: itace, dutse, akuya, mutum. Muryarsa tana sakewa, dalala tana zuba. Na biyun shi ne mai yaudara. Ba ya faɗa. Yana neman lungu mai duhu ya kwanta, haɓarsa ta saki, baki a buɗe, ba ya iya haɗiya. Mai shi sai ya ce sanyi ne ya kama shi, ko ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakin don ya ciro. Ta nan cutar ke shiga. Kowane iri ne, karen yana mutuwa cikin kwana goma bayan alamar ta fito. Haka kuma dila ko ƴanyawa da ta shigo gari da rana tsaka ba ta tsoron mutane, ba sabo ba ne, kada yara su kusance ta.

Makiyaya su lura, cutar tana kama shanu da awaki da tumaki da jakuna da raƙuma. Saniyar da kare ya ciza, bayan makonni sai ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa da wata irin murya, yawu yana zuba, tana yunƙuri kamar mai naƙuda, ta ƙi ruwa. Nan ma makiyayi yakan zura hannu har gwiwa yana neman abin da ya maƙale. Kada a yi haka. A ware ta, a kira malamin dabbobi. Kada a yi saurin sa mata wuƙa don a tsira da nama, domin mai yanka da mai fiɗa suna taɓa yawu da kai da hannu tsirara.

In kare ya ciji mutum

Aiki na farko ba a gidan likita yake ba, a bakin randa yake. A wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabulu, a yi ta wankewa ana zuba ruwa har minti 15. Minti 15 yana da tsawo. Wanda ba shi da agogo ya ɗauka kamar lokacin da ruwan shayi ke yi kafin ya tafasa a kan gawayi, ya ƙara. Kowane sabulu yana yi, har sabulun salo, domin sabulu yana narkar da rigar ƙwayar cutar. Sanyi ba hujja ba ne. Ko da asuba ne, ko yaro yana kuka, a wanke.

Kada a zuba barkono, ko toka, ko ƙasa, ko taba. Kada a tsige gashin karen a ƙona a shafa. Kada a ɗaure wurin tamau. Waɗannan abubuwa sun samu suna ne don ba kowane kare mai cizo ne mahaukaci ba: an shafa toka, yaro bai mutu ba, sai a ce toka ce ta yi aiki. Ranar da aka gamu da mahaukacin na gaske, toka ba ta tsare kowa.

Bayan wanki, a tafi gidan likita a ranar. Akwai allurar da ake yi wa wanda aka ciza, tana riga ƙwayar cutar isa ƙwaƙwalwa. Ba sau ɗaya ake yin ta ba. Likita zai rubuta ranakun da za a komo, kuma wanda ya yi ta farko ya ƙi komawa bai gama tsare kansa ba. In cizon mai zurfi ne, akwai wani magani kuma da ake sawa cikin raunin kansa. In babu allurar a ƙaramin gidan likita na ƙauye, za a tura mutum gaba, Magariya ko Damagaram. Daga Magariya zuwa Damagaram wajen kilomita 90 ne. Kuɗin mota da na allura suna da nauyi ga talaka, ba mai musu. Amma akuyar da aka sayar don wannan tafiya ba ta tafi banza ba.

Malaman asibiti sun sha yin irin wannan magana da iyaye. Dattijo ya kawo jikansa saboda tari, malami ya ga tabo a ƙwaurin yaron.

"Baba, wannan fa, me ya same shi?"

"Kare ne, malam. Ai ya warke tuni. Yau kusan wata guda ke nan."

"Karen wa?"

"Wani baƙo ne, ya ratsa gari ranar kasuwa. Ba wanda ya san mai shi."

"To Baba, tarin nan ƙarami ne. Tabon nan shi ne babba. Yau za a fara masa allura."

"Malam, bayan gyambo ya rufe?"

"Fata ce ta rufe, Baba. Abin yana ciki yana tafiya. Tun da bai kai ba, akwai sauran lokaci."

Gaskiyar malamin ce. Muddin alama ba ta fito ba, ba a makara ba, ko da an yi makonni. Alamar a jikin mutum ita ce zazzaɓi, da ƙaiƙayi ko zugi a tsohon tabon, sannan tsoron ruwa: yana jin ƙishirwa, amma da ya ga kwarya sai maƙogwaronsa ya shaƙe. In an kai nan, an wuce wurin.

Karen da ya yi cizo, in na gida ne kuma da lafiyarsa, kada a kashe shi cikin fushi. A ɗaure shi inda yara ba sa zuwa, a ba shi ci da sha, a sanar da malamin dabbobi, a duba shi kwana 10 zuwa 15. In ya wuce kwanakin nan garau, yawunsa ba shi da cutar a ranar cizon. Amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a kai wanda aka ciza gun likita. In kuwa haukan ya bayyana har aka kashe karen, kada a farfasa kan, domin ƙwaƙwalwar ake aunawa a gane cutar. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, LABOCEL, tana Yamai, tana da reshe a Damagaram. Kada kowa ya taɓa gawar da hannu tsirara. A binne ta da zurfi.

Allurar kare

Maganin cizon nan ya daɗe. Ranar 6 ga watan Yuli na shekarar 1885, a birnin Paris na ƙasar Faransa, aka kawo wa wani masani mai suna Louis Pasteur wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca. Aka yi masa allura 13 cikin kwana goma sha ɗaya, ya rayu har ya tsufa. Pasteur ya rasu ranar 28 ga Satumba 1895, shi ya sa aka keɓe wannan rana kowace shekara don yaƙi da haukan kare. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu shekarar 2030 a kan kada mutum ya sake mutuwa da cizon kare.

Hanyar kaiwa can ba ta wurin mutum take ba, ta wurin kare take. Allurar kare ɗaya ta fi allurar mutum ɗaya araha nesa ba kusa ba. Masana sun gano cewa in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 allura a ƙasa guda, cutar tana rasa wurin zuwa. An gwada haka a Injamena, babban birnin Cadi. A 2012 an yi wa karnuka fiye da 18,000 allura kyauta, a 2013 fiye da 22,000. A 2014 aka yi watanni ba a ga mahaukacin kare ko ɗaya a birnin ba. Daga baya cutar ta komo, ta hannun karnukan da aka shigo da su daga ƙauyukan kewaye.

Wannan ƙarshen labari ya shafi Magariya da Dungas ƙwarai. Ƙasa ce ta bakin iyaka. Mutanen Dogo-Dogo da Malawa da Yekuwa suna da dangi a Jigawa da Katsina. Kowace Alhamis dabbobi suna gangarawa kasuwar Maigatari, karnuka suna biye. Kare ba ya nuna takarda a Tinkim. Gari ɗaya ba zai tsare kansa shi kaɗai ba, kuma allurar shekara ɗaya ba ta isa, domin kowane ɗari sababbin ƴan kwikwiyo suna zuwa.

Kashe karnuka barkatai da guba ba ya kawar da cutar. An sha gwadawa a ƙasashe da yawa. Ana kashewa, wasu su maye gurbinsu, kuma gubar tana kashe ungulu da kaji da karen da aka riga aka yi wa allura.

Dattawan makiyaya sun san abin da allura ke iya yi. Sun tuna bushiya, wadda ke share garke cikin mako guda. A 1962 aka fara babban zagayen rigakafinta a Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru. An daɗe ana fama, ta tafi ta komo, amma a 2011 aka sanar babu ita a duniya baki ɗaya. Har yanzu kowace shekara ma'aikatan kiwo suna zagayawa suna yi wa shanu allurar ciwon huhu, suna yi wa awaki da tumaki ta annobar zawo da majina. Makiyayi yana kora garke duka zuwa wurin allura, karen da ya rako su yana kwance a inuwa, ba wanda ya dube shi.

Allurar kare daban take da wannan zagaye, sai mai kare ya nema. Ana yin ta daga wata uku da haihuwa, a sake kowace shekara. Ana yi wa kyanwa ma. Ruwan allurar sai an ajiye shi cikin sanyi, saboda haka kwalbar da ta wuni a kan tebur a rana cikin kasuwa ba abin dogara ba ce. Wata kwalbar tana isar karnuka 10. Abin da ya fi sauƙi shi ne masu karnuka na gari ɗaya su haɗa kai, mai gari ko sarkin dawa ko arɗo ya sa rana, a aika wa malamin dabbobi tun da wuri ya zo da ita cikin akwatin ƙanƙara. Kowa ya riƙe nasa da igiya, ya kuma karɓi takardar shaida ya adana. Ranar da karen ya ciji ɗan maƙwabci, takardar nan za ta yi magana. Kuma a yi wannan kafin a buɗe farauta, ba bayanta ba.

Kan tunkiya da huhu

Makiyaya sun san tunkiyar da ke karkata kai tana kewaya wuri ɗaya har ta faɗi. In aka fasa kanta, sai a ga wata ƴar jaka mai ruwa cikin ƙwaƙwalwa. Mahauta kuma sun san ƙullutu masu ruwa a hanta da huhu. Waɗannan ƴaƴan tsila ne, kuma uwarsu cikin hanjin kare take zaune. Ga yadda abin ke zagayawa: an yanka dabba, an ga hanta ta lalace, an jefa wa kare. Tsila ta girma cikin karen. Ya yi kashi a makiyaya ko kusa da harawa. Tunkiya ta ci ciyawar, jaka ta fito mata. Mutum ma yana kamuwa da irin ta hanta, in ƙwan ya shiga bakinsa daga hannu ko ganye, kuma ba a raba shi da ita cikin sauƙi, sau da yawa sai an yi masa aiki a asibiti.

Ɗari lokacin biki ne da yanka, karnuka suna cika bakin mayanka. Duk kai ko hanta ko huhu mai jakar ruwa, a ƙone ko a binne da zurfi. Abin da za a ba kare daga kayan ciki, a dafa shi tukuna. Karen garke a ba shi maganin tsila duk wata uku. Yaran da suka yi wasa da kare su wanke hannu da sabulu kafin su sa shi cikin akushi.

Kyanwa

Kyanwa ta fi kare iya neman ɗumi, kuma nan matsalarta take. Tana shiga tokar murhu da dare, garwashi yana ƙasa, ta ƙone tafin ƙafa. Tana hawa shimfiɗar jariri. Tana kwana cikin injin mota ko na niƙa da bai huce ba, da safe a tayar da ita a ciki. A ba ta tsohon kwando da tsumma kusa da rumbu, inda aikinta yake. Ɗakin da aka rufe ruf da gawayi yana ci, hayaƙinsa marar wari yana kashe kyanwa, yana kashe masu ɗakin.

Kyanwa maciyiyar nama ce, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. Masu hana ta abinci don ta yi farauta sun yi kuskure, domin mai yunwa barin gida take yi, mai ƙoshi kuwa ba ta fasa kamun ɓera. Kan kifi da guntun nama dafaffe sun ishe ta. Madara mai yawa tana sa babbar kyanwa zawo.

Da ɗari ƴaƴan kyanwa sukan yi mura: atishawa, majina, ido ya liƙe da kwantsa. A goge da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ajiye su inda ba iska, a ba su abinci mai ɗumi, domin wadda hancinta ya toshe ba ta jin ƙanshi, ba ta ci. In wuri ya zube mata gashi ya yi da'ira, makero ne, kuma yana kama kan yara. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa da hannu, akwai cutar da ke cikinsa mai taɓa ɗan da ke ciki. Ba kowace ce kyanwar Lami ba. Cizonta da yakushinta, musamman baƙuwa ko wadda halinta ya sake, a bi da su kamar na kare: sabulu, minti 15, likita.

Abin da ya fi kashe kyanwa a gidaje shi ne magani. Wata uwar gida, don tausayi, takan ga kyanwarta ba ta da lafiya ta ɓare mata farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana kashe ta, domin hantarta ba ta iya narkar da shi. Maganin kaska na shanu, da wasu magungunan ƙuma da aka yi don kare, suna sa ta rawar jiki ta mutu. Ba a ba kyanwa komai sai an tambayi malamin dabbobi.

Sai maganin ɓera. Yanzu da rumbu ya cika, ƴan talla suna yawo da shi kasuwa-kasuwa cikin ƴar leda ba suna ba takarda. Ɓeran da ya ci ba ya mutuwa nan take. Yana fitowa yana tangaɗi, kyanwa ta cafke shi cikin sauƙi, gubar ta koma cikinta. Kare ma haka. Gidan da ke da kyanwa, tarko ya fi dacewa da shi. Wanda ya ga lalle sai ya sa maganin, ya sa shi inda kyanwa da kaji da yara ba sa kaiwa, ya tsare kyanwar cikin ɗaki na ƴan kwanaki, kowace safiya ya zagaya rumbun ya tsince matattun ɓeraye da itace, ya binne su.